Daga "Sai" Zuwa "Ashe": Yadda Ƙaramin Yaro Yake Koyon Ba da Labari

Darasinmu na wannan karo ya shafi wani abu da yake faruwa a tsakar gidajenmu kowace rana, amma ba safai muke tsayawa mu dube shi ba. Ga yaro an yaye shi, bakinsa bai wuce "mama" da "ruwa" da "ba ni" ba. Kafin ya isa shiga aji ɗaya, sai mu iske shi ya tara ƙannensa a gindin turmi yana kwashe musu labarin Gizo tun daga farko har ƙurunƙus. Mukan ce yaro ya yi baki, mu wuce. Amma tsakanin waɗancan kalmomi uku da wannan labari akwai tafiyar shekara uku ko huɗu, tafiya mai zango-zango, kuma ba kowane yaro ne yake kai ƙarshenta da ƙarfi ɗaya ba. Wani yakan isa makaranta yana iya faɗin abin da ya faru, da wanda ya yi, da dalilin da ya sa. Wani kuwa in malami ya tambaye shi abin da ya same shi a hanya, sai ya sunkuyar da kai, ko ya jefo kalma biyu ya yi shiru. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne, ɗaya ya sami wanda ya zauna ya saurare shi, ɗaya bai samu ba.

Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano. Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma a ƙauyukan wannan yanki, irin su Rurum da Saji da Tarai da Durba, har yanzu ana samun babban gida inda tsohuwa da surukanta da jikokinta suke kwana a bayan danga ɗaya. Bayan an kawar da amfanin gona, sanyi ya sauko, mata sun zauna ɓarar gyaɗa da dare, a nan ne yara suka saba jin tatsuniya. Abin da muke so mu duba shi ne abin da yake gudana a cikin kan ƙaramin da yake zaune a gefen tabarma.

Kunne ya riga baki

Yaro yakan fara koyon labari tun yana goye, tun bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Yana jin inda murya ta hau da inda ta sauka, yana jin an yi tsit kafin Dodo ya fito, yana jin an fashe da dariya. Sa'an nan tatsuniyarmu tana da wata hikima: tun a ƙofar shiga takan ba mai sauraro aiki. Mai bayarwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," jama'a su amsa, "Ta zo mu ji ta." Ɗan shekara 2 ba zai iya riƙe labari ba, amma wannan amsa yana iya ta, kuma yakan yi ta da ƙarfi fiye da kowa. Haka kuma waƙar da take tsakiyar tatsuniya, wadda ake maimaitawa sau uku ko huɗu. A karo na uku za mu ji ƙaramin ya kama ƙarshen baitin. Rabonsa na fari ke nan a cikin labari.

A wannan lokaci ne kuma yaro yake fara magana shi kaɗai. A 1989 wata masaniya a Amurka, Katherine Nelson, ta fitar da littafi a kan maganganun wata yarinya da aka riƙa ɗauka a kaset tana kwance ita kaɗai kafin barci, tun tana da wata 21 har ta cika shekara 3. Da aka saurara, sai aka ga yarinyar tana jera abin da ya faru da rana da abin da za a yi gobe, tana gyara jerin da kanta, dare bayan dare. 'Ya'yanmu ma haka suke yi. Yarinyar da ta goya 'yar tsanar kara tana yi mata faɗa, tana gaya mata an je rijiya an dawo, aiki take yi. Kada mu ce mata, "Ke da wa kike magana kamar mai aljanu?"

Tari da jeri

Domin mu ga zangunan da kyau, bari mu riƙe tatsuniya ɗaya da kusan kowa ya sani, ko da yake kowane gida da yadda yake ba da ita. A shekarar yunwa Gizo ya ci bashin hatsi wurin Giwa a tudu, ya kuma ci wurin Dorina a ruwa, ya yi wa kowacce alkawarin doki. Da lokacin biya ya yi, ya samo doguwar igiya, ya miƙa wa Giwa baki ɗaya, ya ce dokin yana can ɗaure, mai gardama ne, sai ta ja da ƙarfi. Ya kai wa Dorina ɗaya bakin, ya faɗa mata haka nan. Suka wuni suna jan juna.

A ce washegari mun tambayi ɗan shekara 3 ya ba mu wannan labari. Ga irin abin da za mu ji: "Gizo ne. Da igiya. Giwa ta ja, ta ja. Kaka, akuyarmu ma ta tsinke igiya. Dorina tana ruwa. Ni ma na yi wanka." Kayan labarin duk suna nan, amma a zube suke kamar an juye kwando. Igiya ta tuna masa da akuya, ruwa ya tuna masa da wanka. Wani masani mai suna Arthur Applebee, da ya nazarci labaran da yara 'yan shekara 2 zuwa 5 suka bayar, ya rarraba su mataki shida a littafinsa na 1978, matakin fari kuwa ya kira shi tari. Sunan ya dace. Babu laifi a cikin tari, gama ba a ɗaure dami sai an tara zangarniya.

Bayan wannan sai wata ƙaramar kalma ta shigo bakin yaro ta kankane, wato "sai". Ɗan shekara 4 zai ce: "Sai Gizo ya ba Giwa igiya, sai ta ja, sai Dorina ta ja, sai ya ci hatsi, sai ya gudu, sai ya je wurin Dorina, sai, sai, shi ke nan." Manya sukan gaji da wannan "sai" mara iyaka, amma babban ci gaba ne. Yaron ya gano cewa labari abu ne da yake bin abu. Ya sami igiyar ɗauri, ko da yake bai riga ya san wane ne gaba wane ne baya ba. Ga shi ya sa cin hatsi bayan jan igiya. Carole Peterson da Allyssa McCabe, waɗanda suka tattara labaran yara 96 a Amurka suka buga sakamakon a 1983, sun ga 'yan shekara 4 suna yawan tsallake-tsallake irin wannan, 'yan shekara 5 suna jerawa daidai amma su tsaya cak a wurin da labari ya fi zafi, sai wajen shekara 6 suke kai shi gida su rufe. A 1994 kuma Ruth Berman da Dan Slobin suka ba yara masu harsuna biyar, Turanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Ibrananci da Turkanci, littafin hotuna guda mara rubutu don su ba da labarinsa. A dukan harsunan 'yan shekara 3 sun fi kwatanta kowane hoto shi kaɗai, 'yan shekara 5 kuwa suka riƙa ƙulla hotunan da kalma mai aikin "sai" ɗinmu. Shekarun nan ba ma'aunin kasuwa ba ne. Wani yaro yakan riga, wani ya makara da wata shida ko fiye, duka lafiya lau.

Akwai wani abu a nan wanda na Hausa ne kurum, kuma yana da daɗin lura. Idan muna ba da sanarwa mukan ce, "Sun tafi." Idan muna cikin labari sai mu ce, "Suka tafi, suka tarar da rijiya, suka sha." Haka "mun" da "muka", "an" da "aka". Babu uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta koya masa wannan ka'ida, yawancinmu ma ba mu san muna bin ta ba. Amma ranar da muka ji yaro ya ce, "Muka je gona, aka ba mu rake," mu sani kunnensa ya raba harshen labari da harshen sanarwa. Daga yawan ji ya ɗauko shi, kuma yaron da bai ji labari da yawa ba yakan daɗe bai kama shi ba.

Ɗan aike da kalmar "wai"

Ba a tabarmar tatsuniya kaɗai ake koyon labari ba. Akwai wata makaranta da ba mu ɗauke ta makaranta ba, ita ce aike. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan rayuwar yara a birnin Kano daga 1976, ta nuna yadda yara suke zama ƙafar matan da ba sa fita: su ne masu kai saƙo, masu sayayya, masu kawo labarin abin da ake ciki a wasu gidaje. A ƙauye, inda mata da yawa suke fita gona da rijiya, aiken bai ragu ba. Tun yaro yana bin yayarsa a baya yana riƙe da gefen zaninta yake ganin yadda ake yi, kafin a fara aikensa shi kaɗai gidan maƙwabta.

Mu dubi abin da ake nema daga gare shi. "Je ka gidan Goggo, ka ce ina gaishe ta, ka ce ta ba ni aron rariya." Ya tafi, ya dawo. "Me ta ce?" Dole ya riƙe maganar wani a kansa, ya kai ta, ya juya "ni" ta koma "ita", ya ɗauko amsa, ya sake juyawa. "Inna, wai tana amsawa, wai rariyar tana gidan amarya, wai in an jima a koma." Wannan "wai" ita ce kalma ta biyu da ya kamata mu kasa kunne mu ji. Da ita yaro yake nuna cewa maganar da take bakinsa ba tasa ba ce. Wanda ya iya wannan ya kusa iya sa Gizo ya yi magana da muryar Gizo, Giwa da muryar Giwa. Abin dariya ma, muryar Gizo ba ta yi wa yara wuya, gama tsamin bakinsa irin nasu ne. Shi ma "ruwa" takan zame masa "yuwa".

Abin da yake ɓata wannan makaranta shi ne gaggawa. Yaro ya dawo ya fara, "Na je, na ga karensu ya haihu," sai mu katse shi: "Ni rariya na aike ka." Gaskiya ne rariya aka aike shi. Amma bayan an ji zancen rariya, minti biyu ya isa a koma a ce, "To, ɗazu ka ce karensu ya haihu. 'Ya'ya nawa?"

Ranar da yaro ya ce "ashe"

Yanzu mun zo zango mafi girma. Mu koma ga Gizo da igiyarsa. Mene ne abin dariya a wannan tatsuniya? Ba jan igiyar ba ne. Abin dariyar shi ne Giwa tana tsammani doki take ja, mu kuwa mun san Dorina ce. Wanda zai ji daɗin labarin dole ya riƙe abu biyu a lokaci guda: abin da yake gaskiya, da abin da yake cikin kan Giwa wanda ba gaskiya ba ne. Ga babba wannan ba komai ba ne. Ga ɗan shekara 3 kuwa dutse ne. A ganinsa abin da ya sani kowa ya sani. Shi ya sa zai rufe idonsa da hannu ya ce ya ɓuya, shi ya sa kuma zai fara mana labari da "ya buge ni" ba tare da ya faɗi wanda ya buge shi ba. Yana zaton muna cikin kansa.

Masana sun gwada wannan. A 1983, a ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner suka nuna wa yara wani ɗan wasa da 'yan tsana: yaro ya ajiye cakulan a wani kabad ya fita, uwarsa ta mayar da shi wani kabad dabam. Aka tambayi masu kallo, in ya dawo ina zai duba? Ƙanana suka nuna inda cakulan yake yanzu, gama su sun sani. Sai daga shekara 4 zuwa 5 aka fara samun masu cewa zai duba inda ya bari. Kada wani ya ce wannan halin 'ya'yan Turawa ne. A 1991 Jeremy Avis da Paul Harris suka yi irin gwajin nan da 'ya'yan Baka, mafarautan da suke zaune a kurmin kudu maso gabashin Kamaru, yaran da ba su shiga makaranta ba, aka yi da abinci da tukunya a maimakon cakulan da kabad. 'Yan wajen shekara 5 suka amsa daidai, ƙanana suka kasa. Kowace uwa a Kibiya tana iya gwada wannan da ƙuli-ƙuli da ƙwarya biyu.

To, harshenmu yana da kalma guda da take ɗauke da wannan duka, ita ce "ashe". Ba a cewa "ashe" sai an yi zaton wani abu, gaskiya ta fito dabam. Mu saurari 'yar shekara 5 ko 6: "Ita Giwa tana ta ja, tana ta ja, wai ita doki take ja. Ashe Dorina ce a can cikin ruwa! Ita ma Dorinar ba ta sani ba. Gizo kuwa yana kan bishiya yana ta dariya." Mu lura har "wai" ta sami sabon aiki a bakinta, yanzu tana nuna zaton banza. Yarinyar nan ta shiga kan Giwa ta fito, ta shiga kan Dorina ta fito, ta kuma san mu masu sauraro muna bukatar a gaya mana abin da kowacce ba ta sani ba. Daga nan ne "don" da "saboda" suke samun wurin zama a labarinta, gama wanda ya san abin da yake zuciyar mutum shi yake iya faɗin dalilin aikinsa.

A ganinmu wannan shi ne babban amfanin tatsuniyoyin Gizo ga ƙananan yara, fiye da darasin halin kirki da ake liƙa musu a ƙarshe. Gizo ba abin koyi ba ne, maƙaryaci ne, mai haɗama, ko Ƙoƙi matarsa ba ta tsira daga gare shi ba. Amma kusan kowace tatsuniyarsa an gina ta a kan wani ya san abin da wani bai sani ba. Yaron da yake jin irinsu dare bayan dare yana ta gwada ƙafarsa a kan wannan dutse har ya hau. Amfaninsa kuma ya wuce tatsuniya. Yaron da ya iya cewa, "Bai san tawa ba ce, ya zaci tasa ce," ya sami hanyar raba faɗa, ya kuma sami abin da zai ba da haƙuri da shi.

Wa yake saurare?

Al'adarmu ta san yaro yana bukatar wurin da zai saki baki. Tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. A gaban uba ladabi ake nema. Amma tsakanin kaka da jika wasa ne: jikanta namiji "maigidana", mace "kishiyata". A ɗakin tsohuwa yaro yakan yi gardama, ya yi tambaya, ya ce, "Kaka, ba haka kika faɗa jiya ba." Ba banza ba ne tatsuniya ta zauna a ɗakin nan. Abin tambaya a yau shi ne, a gidan da ma'aikaci ya kama haya a cikin garin Rano, shi da matarsa da 'ya'yansu kaɗai, tsohuwa tana can ƙauye, wa ya gaji wannan aiki? Idan ba a ba kowa ba, babu mai yi.

Yadda ake sauraron ma yana da muhimmanci. A 1993 Elaine Reese da Catherine Haden da Robyn Fivush suka bi wasu iyaye mata da 'ya'yansu na tsawon shekaru, suna jin yadda suke hirar abubuwan da suka wuce. Wasu iyayen sukan maimaita tambaya ɗaya har sai yaro ya ba da amsar da suke so. Wasu kuwa sukan karɓi ɗan abin da yaro ya kawo, su ƙara masa, su sake buɗe masa hanya. 'Ya'yan kashi na biyu su ne daga baya suka fi kawo bayani mai yawa da kansu. A Kanada ma, a wani bincike da aka buga a 1999, an koya wa wasu iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi irin wannan hira. Kalmomin 'ya'yansu suka ƙaru, bayan shekara guda kuma labaransu suka fi na sauran tsari. Hira kawai aka gyara.

A Hausa abin ba shi da wuya. "Ka je kasuwa?" amsarta "I" ce, magana ta mutu. "Wa kuka gani a kasuwa?" tana buɗe baki. "Sai me ya faru?" tana ba yaro igiyar jeri. "Me ya sa ta yi kuka?" tana tura shi cikin zuciyar wani. Tsakanin tambayoyin kuma akwai 'yan kalmomin da muke yi wa manya amma muke hana yara: "To." "Haba!" "Ikon Allah." "Sai kuma me?" Idan ya juya tatsuniya, ya sa Kura a wurin Dorina, kada mu yi saurin gyara shi. Sa'idu Babura Ahmad na Jami'ar Bayero ya nuna a littafinsa na 1997 cewa manyan masu tatsuniya ma kowa da yadda yake juya ta, ƙashin bayanta ne kawai ba ya sauyawa.

Wasu iyaye masu tsoron Allah suna damuwa, suna cewa tatsuniya ƙarya ce, ba sa so yaro ya saba. Damuwar tana da tushe, ba mu raina ta ba. Shirley Brice Heath, a littafinta na 1983, ta kwatanta wasu unguwanni biyu na ma'aikata a kudancin Amurka: a ɗaya labari dole ya zama gaskiya tsantsa, ƙari kaɗan ƙarya ne, a ɗaya kuwa gwanin labari shi ne mai iya ƙawata shi. Kowane ɓangare ya isa makaranta da abin da ya iya da abin da ya rasa. Kakanninmu sun riƙe duka biyu, suka gina katanga a tsakani. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, tana da lokacinta, har akan tsorata yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa. Tana da ƙofar fita kuma, inda mai bayarwa take cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yaron da ya saba da waɗannan ƙofofi ya fi saurin gane cewa a cikinsu Giwa tana iya magana, a wajensu kuwa in an tambaye shi wa ya fasa tulu, gaskiya ake so. Ɗan shekara 3 da ya ce ya ga kura a bayan rumbu bai kai maƙaryaci ba tukuna. A tambaye shi, "Wannan tatsuniya ce ko da gaske?" Tambayar kanta darasi ce.

Makaranta da waya

Abubuwa biyu suna cin lokacin labari a yau. Na fari ajin renon yara, wanda ake kira nazare. Iyaye suna biyan kuɗi don su ji ɗan shekara 3 yana rera haruffan Turanci, suna murna. Ba mu ƙi Turanci ba, yaranmu suna bukatarsa. Amma yaron da yake tsakiyar hawa daga "sai" zuwa "ashe", in aka ce daga safe zuwa azahar kada ya yi Hausa, an mayar da shi matakin kalma ɗaya ɗaya a harshen da bai iya ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna ba su gaza ba har a Turancin kansa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukan shekarun firamare, a Nuwamba 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da soke wannan ta koma ga Turanci. Ko yaya manufa ta juya, harshen da ake yi a tsakar gida da dare ba a hannun ma'aikata yake ba.

Na biyu waya da talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana suna zaune gaban allo, waɗanda ba su kai nan ba kuwa a raba su da shi. Fim ma labari ne, yaro yana iya ƙaruwa da shi. Aibinsa ɗaya, ba ya tsayawa ya ce, "Sai me ya faru?" Idan an kalla, a kashe, a ce wa yaro ya ba Baba labarin abin da ya gani, tun da Baba bai kalla ba. Wannan "bai kalla ba" shi ne zai tilasta masa ya faɗi wane da wane.

Uwar da ta ce ita ba ta riƙe tatsuniya ko ɗaya ba, akwai taimako. An daɗe ana rubuta su: Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 daga rubutun ajami na malamai, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 domin 'yan makaranta. A karanta da rana, a rufe littafin, a bayar da baki da dare. Ga malaman ƙananan azuzuwa kuwa akwai dabarar wata malamar yara a Shikago, Vivian Paley, wadda ba ta cin ko kwabo: kowace rana yaro ɗaya ko biyu su faɗi labarinsu, malama ta rubuta shi yadda ya fito daga bakinsu, ba gyara, sa'an nan ta karanta, 'yan aji su tashi su kwaikwaya. Labarin jimla biyu ma ana wasa da shi. Sa'ad da mai labari ya ga wanda aka ba Giwa ya tsaya bai san abin da zai yi ba, shi da kansa zai gane abin da ya manta bai faɗa ba.

Abu na ƙarshe ya shafi lafiya. I'ina tana yawan kama yara tsakanin shekara 2 da 5, sa'ad da tunani ya fi baki sauri, kuma yawancinsu tana sakinsu. Kada a yi musu dariya, kada a ƙarasa musu magana. Amma yaron da ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ko wanda ake kira daga baya ba ya juyowa, ko wanda kunnensa yake zubar da ruwa a kai a kai, a kai shi asibiti a duba jinsa, kada a zauna ana cewa nauyin baki ne ya gado.

Kafin mu sake haɗuwa a wannan shafi, muna roƙon kowane gida ya zaɓi dare ɗaya a mako a juya tabarma. Ƙaramin da ya iya magana shi zai ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," manya su amsa masa da murya sosai, su bar shi ya kai inda ya iya. Mai iya rubutu ya rubuta abin da yaron ya faɗa, ya sa kwanan wata, ya ajiye a cikin akwati. Bayan wata shida a sake ba shi tatsuniyar nan, a ɗauko takardar farko a gwada.